Shetland: Tsibiran da Goge Ya Zama Na Kowa

A ƙasar Hausa idan aka ce wane mai goge ne, to an faɗi sana'arsa, an kuma faɗi matsayin da jama'a suka ajiye shi. Babu mai tsammanin ganin malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya sun tashi daga aiki sun saɓa goge sun nufi dandali. Amma can ƙuryar arewacin Birtaniya akwai wasu tsibirai da hakan ya zama ruwan dare. Sunansu Shetland. Na daɗe ina jin labarin wata ƙungiyar masu goge da ke can, wadda take haɗuwa tun 1960 ba tare da kowa ya karɓi albashi ba. Wannan labari ne ya sa na yanki tikitin jirgin ruwa daga Aberdeen a cikin watan Oktoba, don gani ya kori ji.

Gogen nasu na katako ne mai tsirkiya huɗu, wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. Namu na ƙwarya ne da fatar guza da tsagiya. Sai dai izgar da ake goga su da ita, nan da can, gashin wutsiyar doki ne, kuma nan da can sai an shafa mata ƙaro kafin ta kama tsirkiya ta yi magana.

Jirgin yakan tashi da yamma ya kwana yana tafiya. Awa 12 ne idan ya miƙe, 14 idan ya biya ta tsibiran Orkney. Tun a bakin tasha na lura da mutane goye da dogayen akwatuna baƙaƙe, wasu na jan manya masu kusurwa huɗu. Ashe bikin masu goge da akodiyon da ake yi kowace Oktoba ne ya ƙarato, makaɗa na ta kwarara daga sassan Sikotland. Ba mu yi nisa da barin gaɓa ba teku ta fara wasa da jirgin, masu raunin ciki suka nemi makwanci. Su kuwa makaɗan sai suka ja kujeru a wani lungu na zauren shan shayi, suka buɗe akwatuna. Babu wanda ya gabatar da kowa. Wani ya ja kiɗa, na kusa da shi ya karɓa, kafin a jima mutum goma sha wani abu suna tafiya a kan amo ɗaya, jirgi na tangaɗi suna bin sa da jiki.

Da gari ya waye muka shiga mashigin da ke tsakanin babban tsibiri da tsibirin Bressay, garin Lerwick ya bayyana da gidajensa na dutse masu ruwan toka, wasu ma gindinsu a cikin ruwa yake, tun zamanin da 'yan kasuwa ke sauke kaya daga kwalekwale kai tsaye zuwa rumbu. Tsibiran sun kai 100, amma 16 kawai ake zaune a cikinsu, kuma duka mutanen ba su wuce 23,000 ba. Duk inda ka tsaya, teku ba ta fi kilomita 5 daga gare ka ba. Itace sai an nema, don iska ba ta barinsa ya miƙe. Abin da ido ke gani shi ne tuddai masu gajeriyar ciyawa, da tumaki, da ruwa. Nisan Lerwick da birnin Bergen na Norwe kusan ɗaya ne da nisansa da Aberdeen, kuma tarihi ma ya bi wannan sawu. Tsibiran na ƙarƙashin sarautar Norwe har 1469, lokacin da Sarki Christian na Ɗaya ya jinginar da su ga Sikotland a madadin kuɗin auren 'yarsa Margaret. Ba a fanshe su ba har yau. Shi ya sa sunayen ƙauyuka da karin harshen mutane da tsofaffin kiɗe-kiɗensu suke da ƙamshin Norwe.

Ƙungiyar da na zo dominta, Shetland Fiddlers' Society, takan haɗu ranar Laraba da dare a Islesburgh, wani tsohon ginin makaranta da aka mayar cibiyar jama'a. Na isa da wuri, ana iska mai haɗe da yayyafi. Mutum biyu na tarar, wani dattijo yana jera kujeru a zagaye, wata mata tana cika butar shayi da ruwa. Na ɗauka ma'aikatan ginin ne. Sai da aka zauna na ga dattijon ya ɗauko gogensa, matar kuma ta zauna gaban fiyano. Na gabatar da kaina, na ce daga Najeriya nake, kuma a garinmu ma akwai goge. Dattijon ya miƙo mini kujera ya ce, “To ai kai ɗan gida ne. Zauna nan kusa da hita, waje akwai sanyi.”

Mutane suka yi ta shigowa ɗaya-ɗaya, kowa na kakkaɓe ruwa daga rigarsa. A hirar da na yi da su daga baya na gane akwai mai aiki a jirgin kamun kifi, da ma'aikaciyar asibiti, da direban motar haya, da manomi mai kiwon tumaki, da tsofaffin ma'aikata masu cin fansho, da 'yan mata biyu da ba su gama sakandare ba. Wasu sun tuƙo mota daga ƙauyuka masu nisa cikin duhu. Kowa da sunansa na yanka ake kiransa, babba da yaro, babu laƙabi babu sarauta. Wurin zama ma ba a ware na gwanaye ba. Na ga yarinya ta zauna a gefen tsohon da ya yi jika da ita, ya leƙa gogenta ya murɗa mata maɗaurin tsirkiya ɗaya, ya mayar mata ba tare da ya ce uffan ba.

Mai fiyano ta buga sauti ɗaya, kowa ya daidaita tsirkiyarsa da shi. Jagora ya ambaci sunan kiɗa, ya ɗaga izga, sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Yawancin abin da suka kaɗa na rawa ne, mai sauri, gajere, a maimaita shi sannan a zarce cikin wani ba tare da an tsaya ba, uku-uku a jere. Abin da ya fara kama kunnena shi ne yadda suke goga tsirkiya biyu lokaci guda, ɗaya na tafiya da kiɗan, ɗaya na gunji a ƙarƙashi ba ta motsi. Wannan gunjin shi ke sa mutum ɗaya ya yi amon mutum biyu. Dattijon ya nuna mini wata dabarar hannu da aka san su da ita: a ja izga ƙasa sau ɗaya a kan sauti ɗaya, a tura ta sama a kan sauti uku. Ita ke ba kiɗan wannan tsalle da ke sa ƙafa motsi ko mai ita bai yi niyya ba. Ƙafafun kuwa ba su huta ba, daɓen katakon ya zama ganga. Kaɗan ne ke duba takarda. Mafi yawansu da ka suke kaɗawa, kamar yadda suka ji daga na gaba da su.

Can sai aka sassauta, aka shiga wani kiɗa mai nauyi, a hankali, irin wanda suke yi wa mamaci ko wanda ya yi nisa da gida. Ba waƙa a ciki, ba kalma ko ɗaya, amma na ga wata mata ta rufe ido tana kaɗawa har aka kai ƙarshe.

Da aka kai tsakiyar zama aka ajiye goguna, aka zagaye teburin shayi. A nan na fahimci abin da ke riƙe da ƙungiyar. Sakatariya ta buɗe littafi ta karanto buƙatun da suka iso. Gidan kula da tsofaffi na son a zo a yi musu wasa da rana. Akwai ɗaurin aure a wani ƙauye. Akwai taron tara kuɗi don jirgin ceton masu hatsari a teku. Su wa ke da sarari? Hannuwa suka tashi. Wa zai ɗauki waɗanda ba su da mota? Wani ya ce motarsa na da wurin mutum uku. Ma'aji ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin hayar ɗaki da na ganyen shayi. Aka tambayi lafiyar wani ɗan ƙungiya da ke kwance, aka zagaya da kati kowa ya sa hannu. Aka tuna wa wadda za ta kawo abin taɓawa mako mai zuwa. Duk wannan bai ɗauki minti goma ba, kuma babu wanda ya yi jawabi. Gayya ce sosai, sai dai gayyar da ba ta jiran damina, kowane mako ake fita, shekara sama da sittin.

A bakin wannan teburi na ji yadda kowane kiɗa yake da asali. Ba a kaɗa abu sai an ce daga wane tsibiri ya fito, a hannun wa aka ji shi. Sunayen kiɗan ma na mutane ne, da jiragen ruwa, da duwatsun da masunta ke gane hanya da su. Har yanzu mutum yakan ƙirƙiri sabon kiɗa ya sa masa sunan maƙwabcinsa da ya sayi sabon jirgi, ko jikarsa da aka haifa, ko abokin da ya rasu. Mu a wurinmu take na sarki ne da jarumi da mai hannu da shuni, kuma akan biya. A Shetland mai gyaran famfo ma yana iya samun takensa, kyauta, saboda wani ya ji daɗin zama da shi.

Don a gane dalilin kafa ƙungiyar sai an koma baya. Kafin goge mai tsirkiya huɗu ya iso, mutanen tsibiran na da wani abin gogawa mai tsirkiya biyu na gashin doki. Wani likita ɗan ƙasar, Arthur Edmondston, ya ambace shi a littafinsa na 1809, ya kuma ce a zamaninsa kusan mutum ɗaya cikin goma na talakawa ya iya goge. Rayuwar wancan lokaci mai wuya ce. Maza kan tuƙa kwalekwale mai matuƙa shida, marar rufi, su yi nisan mil 40 cikin teku neman kifi. A watan Yulin 1881 guguwa ɗaya ta ci mutum 58 da kwalekwale 10, yawancinsu daga arewacin tsibirin Yell. Jiragen farautar kifin whale da ke tasowa daga Hull da Dundee da Peterhead kan tsaya a Lerwick su cike ma'aikata kafin su nufi Girinlan, kuma sukan so a samu mai goge a cikinsu don ya ɗebe wa mutane kewa a cikin ƙanƙara. Masu dawowa su dawo da sababbin kiɗe-kiɗe. A gida kuwa, dare na hunturu dogo ne ƙwarai, sai a taru a ɗaki ɗaya a yi rawa ta ma'aurata uku, don iyakar abin da ɗakin zai ɗauka ke nan. Aure bai cika ba sai da mai goge. Shi ke gaba idan za a raka amarya, kuma kowane mataki na bikin da kiɗansa.

Akwai ma kiɗe-kiɗen da suka ce daga aljanun tudu aka koyo su. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na mai gogen da aljanu suka gayyata bikinsu a cikin tudu, ya yi musu kiɗa yana zaton dare ɗaya ya yi, da ya fito ya tarar shekaru sun shuɗe, babu wanda ya san shi a ƙauyensu. Bahaushen da ya san dangantakar goge da bori ba zai yi mamakin jin haka ba.

Ƙarni na 20 ya zo da abubuwan da suka kusa binne wannan gado. Mutane sun yi ta ƙaura zuwa Niyuzilan da Ostireliya da Kanada. Yawan jama'a da ya haura 31,000 a 1861 ya sauko zuwa kusan 17,000 a 1971. Garmaho da rediyo suka kawo salon Sikotland, matasa suka fara ganin na iyayensu ƙauyanci ne. Aka gina manyan zaurukan taro, inda amon goge ɗaya ba ya kaiwa bango, akodiyon mai ƙara ya karɓe fage, sababbin raye-raye suka ture tsofaffi.

A nan Tom Anderson ya shigo. An haife shi a 1910 a yankin Eshaness, a gidan da ake goge, ya rasu a 1991. Aikinsa na cin abinci shi ne karɓar kuɗin inshora, aikin da ya sa ya shiga gida-gida a faɗin tsibiran. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙa yawo da na'urar ɗaukar magana, duk inda ya ji akwai tsohon da ke riƙe da wani kiɗa sai ya zauna da shi har ya ɗauka. Yana cikin ƙungiyar adana al'adu ta Shetland Folk Society da aka kafa a 1945. A 1960 aka shirya babban bikin dawowa gida, wanda suke kira Hamefarin, don 'yan asalin tsibiran da ke ƙasashen waje. Anderson ya tattaro masu goge daga ko'ina don su tarbi baƙin, aka yi musu laƙabi da masu goge arba'in. Da biki ya watse sai suka ƙi watsewa. Ƙungiyar da na zauna a cikinta a daren Laraba ita ce wannan.

Bai tsaya nan ba. A farkon shekarun 1970 ya fara koyar da gogen gargajiya a makarantun gwamnati, abin da ba a taɓa yi ba a tsibiran. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan mataki ya sauya fuskar kiɗan, don a da kusan duk maza ne ke yi, da aka kai shi aji sai 'yan mata suka shigo da yawa. Daga hannunsa Aly Bain ya fito, wanda ya kai gogen Shetland manyan zaurukan duniya, haka ma Catriona Macdonald. Tun 1982 ake gasar matashin mai goge na shekara. Faya-fayen da ya ɗauka suna nan a adane, masu bincike da masu koyo na sauraro.

Wata 'yar ƙungiyar, tsohuwar malamar makaranta, ta ce ba zan bar Shetland ban ga mahaifar Anderson ba, ta kuwa ɗauke ni a motarta. Tafiyar kamar awa ɗaya ce zuwa arewa. Muka wuce mararrabar Sullom Voe, tashar man fetur da ta fara aiki a 1978 ta kawo wa tsibiran arziki. Muka ratsa Mavis Grind, inda ƙasa ta tsuke har Tekun Atilantika na hannun hagu, ruwan Tekun Arewa na hannun dama, titi kawai ya raba su. A Eshaness ƙasa ta ƙare da wasu irin gaɓoɓin dutse baƙaƙe masu tsayi, igiyar ruwa na dukansu tana tashi fari fat. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1929. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kangayen gidaje da ke warwatse a kan tuddai, bango na tsaye, rufi babu, tumaki na kiwo a inda a da ɗakin kwana ne. Malamar ta riƙa nuna mini su tana faɗin dangin da suka zauna a kowanne da ƙasar da suka koma. Ta ce ganin yadda fitilun gidajen yankin ke raguwa da dare shi ya sa Anderson ya tsara kiɗansa da ya fi shahara, Da Slockit Light, wanda yanzu ake kaɗawa a ƙasashe da dama. A nan na gane cewa mutumin ba kiɗa kaɗai yake ceto ba. Kowane kiɗa da ya ɗauka shaida ce cewa wasu mutane sun taɓa zama a wani wuri, sun yi aure, sun yi rawa, sun binne 'yan'uwansu.

Bikin da na tarar ana shiri, wanda ƙungiyar masu akodiyon da goge ta Shetland ke gudanarwa tun 1988, shi ma 'yan sa kai ne ke ɗauke da shi. Tsarinsa ya burge ni. Maimakon a tara komai a Lerwick, sai a rarraba makaɗa cikin motoci a tura su zaurukan ƙauyuka, kowane dare wasa, sannan abinci, sannan rawa. Sai a daren Asabar a haɗu a babban zauren Clickimin a yi rawar gama-gari. Na bi wata mota zuwa wani ƙauye a yammacin babban tsibiri. Zauren na jama'ar ƙauyen ne, kwamitinsu ke kula da shi, su suka yi fenti, su ke biyan wuta. Tun a ƙofa wani manomi ke karɓar tikiti, matarsa na kicin tare da wasu mata da maza suna yanka burodi. An dafa miyar dankali da naman tunkiya da aka jiƙa a ruwan gishiri aka shanya a saman murhu, abincin da suke alfahari da shi. Wata mata ta tambaye ni abin da ba na ci, na faɗa mata, ba ta ƙara tambaya ba, sai ga ta da faranti na kifi da waina irin tasu ta alkama da man shanu.

Yara ne suka buɗe wasan, su takwas ko tara, wasu gogen ya kusa fin hannunsu tsawo. Malamarsu na tsugune a gefe tana ba su ƙarfin gwiwa da ido. Wani yaro ya ɓata, ya tsaya, ya saurara, ya sake kamo sahu. Tafin da aka yi musu ya fi na kowa. Bayan su manya suka hau, baƙi da 'yan gida. Mai jita da ke raka su yana wani irin bugu mai tafiya kamar taku, aka ce mini salon Peerie Willie Johnson ne, wanda ya koyo shi daga kiɗan jaz na Amurka da yake kamowa a rediyo, ya ɗora wa gogen gargajiya, har ya zama na gida. Ashe riƙon gado bai hana su karɓar baƙon abu ba idan ya dace.

Da aka ci aka sha sai aka ja kujeru jikin bango aka shiga rawa, maza da mata, kaka da jika, bisa al'adarsu. Ni dai ina gefe ina kallo. Wajen ƙarfe ɗaya na dare aka tashi. Mai gogen da ɗazu zaure ya miƙe tsaye yana yi masa tafi, shi na gani da tsintsiya yana share daɓe, abokinsa mai akodiyon na tara kujeru, mai karɓar tikiti na wanke kofuna. Na sa hannu muka kwashe tebura. Babu wanda ya ce mini baƙo ba ya aiki.

Ba komai ne ke tafiya sumul ba, su da kansu suka faɗa mini. Masu ɗaukar nauyin kwamiti tsufa suke yi, kuma ya fi sauƙi a sami mai kaɗawa da a sami mai riƙe littafin kuɗi. Matasa da yawa kan tafi jami'a a Glasgow ko Edinburgh, ba duka ke dawowa ba. Akwai kuma wata muhawara da ta daɗe. A da kowane tsibiri da salonsa, mai kunne yakan bambance hannun mutumin Whalsay da na Unst da na Yell. Idan mutum talatin za su kaɗa tare, dole kowa ya rage nasa a haɗu a tsakiya, sai bambancin ya fara dushewa. Wani dattijo ya ce mini wannan na damunsa, shi ya sa yake zaunar da jikokinsa su saurari tsofaffin faya-faye, su ji yadda mutum ɗaya ke kaɗawa a ɗakinsa. Game da kuɗin mai kuwa, sun yarda ya gyara zauruka ya taimaka wa makarantu, har a 2012 aka buɗe Mareel, katafaren gidan kiɗa da sinima a bakin ruwan Lerwick. Amma ƙungiyar ta girmi man da shekara 18, kuma babu kuɗin da zai fito da mutum daga ɗakinsa mai ɗumi cikin ruwa da iska ya je ya jera wa wasu kujeru.

Duk tsawon zamana tunanin gida bai bar ni ba. Mun yi Garba Liyo a goge, mun yi Ahmadu Doka da Hassan Wayam da Ibrahim Na Habu a kukuma. Waɗannan rediyo ta ɗauka, shi ya sa muka san su. Nawa ne suka rasu a ƙauyukan Katsina da Gobir da Damagaram da kiɗansu a ka, ba wanda ya zauna da su? Na san abin da ke sa mutane ja da baya. An haɗa goge da bori da gidajen da mutumin kirki ba ya son a gan shi, kuma malamai na da maganarsu a kai, wadda ba ni ne zan yanke hukunci a cikinta ba. A wasu sassan Sikotland ma limaman coci sun yaƙi goge a ƙarni na 19, har aka ƙona wasu. A Dagbon ta arewacin Gana kuwa, goge mai tsirkiya ɗaya irin namu kiɗan fada ne, masu yin sa na da daraja a gaban sarki, suna riƙe da tarihin sarauta. Matsayin abin kiɗa yana bin wurin da jama'a suka ajiye shi da irin mutanen da suka yarda su riƙe shi.

Wanda ma bai yarda da goge ba, darasin Shetland bai wuce shi ba, don gadonmu da ke salwanta ya fi goge yawa. Akwai waƙoƙin niƙa da na daɓe da mata ke yi, akwai kiɗan noma, da kirarin maharba, da taken sana'o'i, da tatsuniyoyin da kakanni ke tafiya da su kullum. Mun saba jiran hukumar al'adu ko jami'a ko wani attajiri. Abin da na gani a Lerwick bai buƙaci ko ɗaya daga cikinsu ba kafin ya fara. Ɗaki ne, da rana tsayayya a mako, da mai riƙe mabuɗi, da ma'aji mai amana, da manya da suka yarda su zauna kusa da yara. Mun iya wannan tsari, da shi muke tafiyar da ƙungiyoyin unguwa da na gyaran maƙabarta da na 'yan sintiri. Na'urar da Anderson ya riƙa ɗauka da ƙyar, yau wadda ta fi ta tana aljihun kowane saurayi. Shi kuwa ba minista ba ne, ba farfesa ba ne lokacin da ya fara, ma'aikacin inshora ne da ya ga tsofaffi na mutuwa da abin da babu mai mayarwa, ya ƙi zuba ido. A kowane gari namu akwai irin waɗannan tsofaffi, kuma ba za su jira mu gama shawara ba.